Kowace Unguwa da Labarinta: Darasi Daga Wasan Kwaikwayon Gambarar Zamani

Jawabin da aka gabatar a madadin kwamitin ilimi da al'adu a wajen babban taron shekara-shekara na ƙungiya

  



A shekarun baya, jawaban da ake gabatarwa a wannan zama sun fi karkata ga rijiyoyin burtsatse, da azuzuwan makaranta, da ɗakin shan magani, da hanyar da ruwa ke cinyewa duk damina. Waɗannan ayyuka ne na alheri, kuma ba za mu gaji da su ba. A bana kwamiti ya ga dacewar mu taɓo wani abu da ba a auna shi da buhun siminti, wato labarinmu mu da muke zaune a birane, da kuma wanda zai ba da shi bayan ranmu. Domin maganar ta fito sosai, za mu ɗauko misali daga birnin Niyok na ƙasar Amurka, inda 'ya'yan 'yan ci-rani suka ɗauki kiɗan da suka ƙirƙira a bakin titi suka mayar da shi wasan kwaikwayo mai ba da labarin unguwanninsu. Muna roƙon iyayenmu su yi mana haƙuri su saurara har ƙarshe, domin mun san sunan wannan kiɗa ba shi da farin jini a wurin dattawa.

Inda kiɗan ya samo asali

Abin da ake kira hip-hop, wanda a Hausa aka fi sani da gambarar zamani, an haife shi ne a yankin Buronks na birnin Niyok. A shekarar 1948 hukuma ta fara gina wata babbar hanyar mota da ta ratsa tsakiyar yankin, aka rushe gidaje, aka tashi dubban iyalai. Masu hali suka koma bayan gari, masana'antu suka yi ƙaura, aka bar talakawa, galibinsu baƙar fata da mutanen tsibiran Karebiyan. Zuwa shekarun 1970 gobara ta zama ruwan dare a kudancin yankin, har akwai masu gidajen haya da ake kama su da laifin cinna wa gidajensu wuta don su karɓi kuɗin inshora. A 1975 birnin kansa ya kusa tsiyacewa, aka rage ma'aikata da kuɗin makarantu. A watan Oktoba na 1977 shugaban Amurka Jimmy Carter ya je ya tsaya a cikin kangayen da idonsa.

A cikin wannan hali ne, ranar 11 ga Agusta, 1973, wata yarinya mai suna Cindy Campbell ta shirya ɗan biki a zauren wani gidan bene mai lamba 1520 a titin Sedgwick, don ta tara kuɗin sayen tufafin komawa makaranta. Mata suka biya santi 25, maza santi 50. Wanta, Clive Campbell, wanda duniya ta sani da DJ Kool Herc, shi ne mai sa faifai. An haife shi a Jamaika, ya zo Buronks yana ɗan shekara goma sha biyu. Ya lura cewa masu rawa sun fi zabura a daidai gaɓar da mawaƙi ke yin shiru a bar ganguna kaɗai. Sai ya riƙa ɗora faifai biyu iri ɗaya a kan na'ura biyu, in gaɓar ta ƙare a wannan ya ta da ita a wancan, ta haka ya tsawaita ta yadda yake so. A kan wannan kiɗa wani zai ɗauki makirufo yana kiran sunayen 'yan unguwa, yana yi musu kirari cikin magana mai amsa-amo. Daga nan sana'ar ta rabu gida huɗu: mai juya faifai, mai zuba baiti, mai rawar ƙasa, da mai zanen bango.

Da farko abin nishaɗi ne da alfahari. A 1982 ƙungiyar Grandmaster Flash and the Furious Five ta fitar da waƙar da ake kira The Message, wadda ta siffanta zaman talaka a cikin birni, da bashi, da gidan da ya lalace, da yaron da makaranta ta kasa riƙewa har ya ƙare a kurkuku. Tun daga lokacin aka gane cewa wannan salo yana iya ɗaukar labari mai nauyi. Shekaru hamsin bayan bikin Cindy, a 2023, an yi bukukuwan tunawa a ƙasashe da dama, a 2024 kuma rawar ƙasan nan ta shiga gasar Olamfik a birnin Faris.

Daga bakin titi zuwa dandamali

Waƙa mai minti biyar ba ta isa ta ɗauke unguwa guda da mutanenta. Saboda haka a shekarun 1990 wasu matasa da suka tashi cikin wannan kiɗa suka fara shigar da shi gidajen wasan kwaikwayo. Danny Hoch, ɗan yankin Kwins na Niyok, yakan hau dandamali shi kaɗai ya kwaikwayi mutum goma ko fiye na unguwarsu, kowa da harshensa da tafiyarsa, kamar yadda ɗan kama yake yi a ƙasar Hausa. A shekarar 2000 ya kafa bikin wasannin kwaikwayon hip-hop a Niyok, a 2008 kuma ya yi wasan Taking Over, a kan yadda masu kuɗi ke shigowa unguwar Wiliyamsbag ta Buruklin, kuɗin haya ya tashi, 'yan asalin wurin su rasa matsuguni. A birnin Filadelfiya, Rennie Harris ya ɗauki tsohon labarin Shakespeare na masoya biyu daga gidaje masu gaba, ya mayar da shi rikicin 'yan unguwa cikin rawa, ya sa masa suna Rome & Jewels a shekarar 2000. Will Power, a wasansa Flow na 2003, ya fito da masu ba da labari bakwai na unguwa guda, kowane da abin da yake son ya bar wa na baya.

A Landan ma an yi. Jonzi D, wanda iyayensa suka fito daga tsibirin Girenada, ya yi wasan Aeroplane Man a ƙarshen shekarun 1990. Labarin wani saurayi ne baƙar fata, haifaffen gabashin Landan, da ake ce masa ya koma inda ya fito. Ya hau jirgi ya nufi ƙasar iyayensa, da Jamaika, da Amurka, da Afirka, ko'ina ya sauka sai a dube shi a matsayin baƙo. Muna roƙon jama'a su riƙe wannan labari, domin za mu dawo kansa.

Tudun Washinton

Wasan da ya fi kowane shahara a wannan fanni shi ne In the Heights, wanda za mu iya fassara sunansa da "A Kan Tudu". Unguwar da ake nufi ita ce Washington Heights, a arewacin tsibirin Manhatan, kuma da a ƙasarmu take da Tudun Washinton za a kira ta, kamar yadda muke da Tudun Wada. Unguwa ce ta masu zuwa da masu tashi. Mutanen Ayalan sun zauna a cikinta, Yahudawan Jamus da suka guje wa Hitila sun zauna, Girkawa da mutanen Kuba da na Fotoriko sun zauna. Bayan kashe shugaba Trujillo a 1961 da yaƙin basasar 1965, mutanen Jamhuriyar Dominikan suka kwararo har suka zama su ne mafi rinjaye. A ƙarshen shekarun 1980 sunan unguwar ya ɓaci a jaridu saboda cinikin hodar iblis, ta yadda wanda bai taɓa zuwa ba zai ɗauka babu kowa a cikinta sai dillalan ƙwaya.

Mai wasan, Lin-Manuel Miranda, an haife shi a 1980, ya tashi a Inwud da ke maƙwabtaka da unguwar. Mahaifinsa mutumin garin Bega Alta ne a Fotoriko, kuma duk hutun bazara akan tura yaron can wurin kakanninsa. Ya sha bayyana cewa abin da ya dame shi tun yana ɗalibi shi ne, manyan wasanni biyu da aka yi a kan mutanensu, West Side Story na 1957 da The Capeman na 1998, duk sun nuna su riƙe da wuƙa cikin ƙungiyoyin 'yan daba, kuma waɗanda suka rubuta su ba 'yan cikinsu ba ne. Ya fara rubuta nasa a 1999 yana shekara ta biyu a Jami'ar Wesleyan. Daga baya marubuciya Quiara Alegría Hudes ta shigo ta tsara labarin. An yi ta gyara ana sakewa har 2008 kafin wasan ya hau dandamalin Burodwe, wanda shi ne ƙololuwar gidajen wasa a Amurka. Ya ci lambobin Tony huɗu, ciki har da ta gwarzon wasan waƙa na shekarar, aka ci gaba da nuna shi har watan Janairu na 2011, sau fiye da 1,100. Miranda ne kuma ya yi Hamilton a 2015, amma wancan tarihin ƙasa ne, wannan kuwa labarin unguwa.

Labarin kwana uku ne cikin tsananin zafi. Usnavi saurayi ne maraya mai ɗan kantin kayan masarufi a kusurwar titi. Sunansa ma iyayensa sun karanto shi ne a jikin wani jirgin ruwan sojan Amurka ranar da suka iso. Burinsa ya tara kuɗi ya koma ƙasar iyayensa. Akwai tsohuwa Claudia, wadda ta zo daga Kuba a 1943, ta yi aikatau a gidajen masu kuɗi, ba ta haifi kowa a unguwar ba, amma kowa kaka yake kiranta domin ita ta raine su. Akwai Nina, yarinyar da unguwa ke alfahari da ita saboda ta samu shiga Jami'ar Stanford, ta dawo tana ɓoye cewa karatun ya tsaya, don aiki biyu da take yi saboda kuɗin makaranta sun cinye lokacin karatun har ta rasa tallafin da ake ba ta. Mahaifinta ya yanke shawarar sayar da kamfaninsa na tasi don ta koma. Akwai masu shagon gyaran gashi da ke tattara kaya za su bar unguwar saboda haya ta fi ƙarfinsu. Ana cikin haka wutar lantarki ta ɗauke, ɓarayi suka fasa kantin Usnavi. Tsohuwa Claudia ta ci dala 96,000 a tikitin caca, abin da addininmu ya haramta amma ya zama ruwan dare a can, ta ce za ta raba da shi su koma gida tare. Kafin a yi haka rai ya yi halinsa. Usnavi ya shirya tafiya, sai da gari ya waye ya tarar wani yaro mai zanen bango, wanda ya saba kora daga bakin kantin, ya zana fuskar tsohuwar a jikin ƙofar kantin. Nan ya fasa tafiya, ya ga cewa in ya tashi babu wanda zai riƙe labarin waɗannan mutane.

Babu sarki a cikin wannan wasa, babu attajiri, babu jarumi mai bindiga. Mai kanti ne, da mai tasi, da mai gyaran gashi, da mai tallar ƙanƙara. Duk da haka mutanen da ba su taɓa taka unguwar ba sun biya kuɗi sun zauna sun zubar da hawaye.

Abin da ya shafe mu

Jama'a, wane ne a zauren nan bai san Usnavi ba? Shi ne ɗan'uwanmu mai shago a Agege ko Mil 12 da ya shekara ashirin yana cewa baɗi zai tattara ya dawo gida. Kaka Claudia ita ce tsohuwar nan ta gidan haya da duk wanda ya sauka daga garinmu sai ya ci tuwonta kafin ya sami wurin kwana. Nina kuwa ita ce yarinyar da muka yi karo-karo muka tura jami'a, muka ɗora mata nauyin gari guda, ba mu taɓa tambayar ta yadda take kwana ba. Saurayin nan na Landan mai yawo a jirgi shi ne ɗan da muka haifa a birni. A can ana tambayar sa takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, in ya zo nan da salla a ce masa ɗan birni, a yi dariyar Hausarsa.

Zaman ci-rani ba baƙon abu ba ne gare mu. Unguwar Sabo ta Ibadan an kafa ta tun 1916. Akwai Zangon Kumasi da Nima a Gana, akwai Birketeri a Yawunde. Amma in muka nemi abin da aka rubuta a kan waɗannan wurare, sunayen da za mu fara cin karo da su na baƙi ne. Abner Cohen ya zauna a Sabo ya fitar da littafinsa a 1969. Enid Schildkrout ta yi nata a kan Zangon Kumasi a 1978. Ko tarihin Baba ta Karo da ake karantawa a jami'o'in duniya, wata Baturiya ce, Mary Smith, ta zauna da ita ta rubuta, aka buga a 1954 bayan Baba ta rasu. Mun gode musu, domin da ba su rubuta ba da an yi asara. Sai dai waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A yau unguwannin da muke zaune ba sa shiga jarida sai ranar da aka yi rikici a kasuwa ko hukuma ta zo rusau.

Kayan aikin kuwa muna da su tun kafin a haifi Kool Herc. Muna da tashe na watan azumi, inda yara ke kwaikwayon mai rowa da malalaci da mugun miji a ƙofar gidan kowa. Muna da 'yan kama da 'yan gambara masu zuba magana kan kiɗa. Marigayi Ɗanmaraya Jos ya yi suna da kuntiginsa yana waƙar karen mota da sauran talakawan birni. Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu a kan rayuwar birni tun wajen samun 'yancin kai. Sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ya daɗe yana fita Samaru da ƙauyukan kewaye yana shirya wasa tare da jama'a a kan matsalolinsu. Abin da ya sauya shi ne kiɗan da 'ya'yanmu ke ji, kuma in kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya.

Fargabar iyaye

Ba za mu rufe ido ba. Kaso mai yawa na gambarar da ake sayarwa a kasuwa cike yake da batsa, da zagi, da yabon ƙwaya da bindiga da kuɗin da ba a san asalinsu ba. Uban da ya hana ɗansa sauraron irin wannan ya yi daidai. Amma ita kanta gambararmu ta gargajiya an san ta da batsa, ba a ce don haka a daina magana mai amsa-amo ba, malamai ma da ita suke wa'azi a rubutattun waƙoƙi. Salo kamar ƙwarya yake, abin da aka zuba a ciki shi ake sha. Yaron da ke iya jera baiti arba'in a ka ba tare da tuntuɓe ba yana da baiwa. In ba mu ba shi labarin kakansa ya zuba a ciki ba, wani zai ba shi nasa.

Akwai kuma gargaɗi ga matasan kansu. Lokacin da aka mayar da In the Heights fim a 2021, 'yan unguwar da dama sun koka cewa manyan 'yan wasan kusan duk masu hasken fata ne, alhali baƙaƙen 'yan Dominikan sun cika unguwar. Miranda ya fito ya ba da haƙuri a bainar jama'a. Ke nan ko ɗan gida yana iya ba da labarin gida ya manta da wasu 'yan gidan. Wanda zai ba da namu kada ya tsaya kan alhazai da manyan ma'aikata. Ya sa mai ga-ruwa, da mai gadi, da almajiri, da matar da ke sayar da abinci a tasha tana biya wa 'ya'ya kuɗin makaranta, da maƙwabcinmu Bayarabe ko Ibo da ya ɓoye mu ranar tashin hankali.

Shawarwarin kwamiti

Na farko, kowane reshe ya zaɓi matasa biyu, mace da namiji, su zauna da dattawan da suka fara sauka a wannan birni daga garinmu, su naɗi muryoyinsu a waya: yaushe suka zo, a wace mota, wa ya sauke su, wace sana'a suka fara. A kawo wa sakatariya kwafi kafin taron baɗi. Wannan ba ya jira, domin duk shekara muna karanta sunayen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a shafin ta'aziyya na wannan mujalla.

Na biyu, daga cikin waɗannan labarai matasan kowane reshe su shirya gajeren wasa na rabin sa'a, da Hausa, cikin salon da suka iya, ko gambara ko waƙa ko zance. Malami ɗaya da uwa ɗaya su duba shi don tsare mutunci, ba don su rubuta musu ba.

Na uku, a ware yammacin rana ta uku ta babbar salla, lokacin da kowa yake gida, a nuna wasannin a filin makarantar firamare, domin mutanen gida su ga yadda 'yan'uwansu ke rayuwa a birni, su san cewa kuɗin da ake aikowa ba a bakin titi ake tsintar su ba.

Na huɗu, a sa ɗan wani abu a kasafin ƙungiya don hayar lasifika da janareta da kuɗin motar yaran, a kuma buga rubutun wasan da ya fi kyau a mujallar shekara mai zuwa.

Na biyar, mu iyaye mu riƙa turo yara gida lokacin dogon hutu. Da ba a tura Miranda wurin kakanninsa ba, da wuya ya san abin da mutanen unguwarsu ke kewa.

Kada mu sa ran wasan farko zai yi kyau. Wancan da muka ba da labarinsa ya ɗauki shekara tara daga ɗakin ɗalibi zuwa babban dandamali, kuma sannu ba ta hana zuwa. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu da muka kafa wannan ƙungiya mun yi ne don kada gida ya bar mu. Saura mu tabbatar bai bar 'ya'yanmu ba, su da Allah ya ba gida biyu.